A Bar wa Jikata Malfarta

Zuwa ga Mai girma Shugaban masu duba lakwal na ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da zafin bazara, ina gaida iyalinka manya da ƙanana. Ina gaida mutanen buro ɗin da kake aiki cikinsa duka, har da mai share shi. In ka tambayi lafiyarmu, lafiya lau muke, sai kafaɗuna biyu, kuma zancensu yana tafe.

Ni ce Tasalla mai faifai, daga wani ƙauye yamma da Illela. Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba. Malama Ramatu mai koya wa mata karatun yaƙi da jahilci ita ke rubutawa, ni ina faɗi, kuma na ce kada ta gyara mini magana. Na ce a yi takardar biyu, ɗaya a kai maka, ɗaya a karanta a bakin kasuwa, don abin ba nawa ba ne ni kaɗai. Na kai saba'in ko na wuce, ban taɓa aika wa gwamnati takarda ba. Tun da safe nike dariya ni kaɗai, har awakina sun tsaya suna kallona. Amma ba duka ne na dariya ba, ka yi haƙuri ka ji har ƙarshe.

Na ɗaya. Ina da jika, sunanta Balkisa, ɗiyar ɗana Issufu mai amalanken jaki. Tana aji shida a lakwal ɗin garinmu, bana za ta yi jarrabawar sartifika. Zabiya ce. Allah ya yi ta fara tas, gashinta kamar gezar masara, idonta ba ya son haske. Ƙwaƙwalwa kuwa kamar ta haɗiye malami. Ko ni da nike kakarta ba ni cin ta gardama.

Zan fara da laifina, kada a ce tsohuwa laifin wasu kaɗai take gani. Da ta yi kwana arba'in, matan unguwa sunka ce ai ba ta ƙarasa nuna ba ne, a shafe ta da man gyaɗa a shimfiɗa ta a rana da hantsi, za ta yi duhu kamar kowa. Na yarda, don haka na ga uwata ta yi wa ƙanena Idi, shi ma zabiya ne. Kwana uku ina shafawa ina shanyawa, har juya ta nike yi don kowane gefe shi samu. Rana ta huɗu bayanta ya yi ja wur, ya tashi, tana ihu ba ta ko kama nono. Munka ɗauke ta sai gidan likita. Tsohon likitan da munka tarar ya duba ta, ya sansana ta, ya dube ni, ya tambaye ni a gaban mata ko da yaji nike nufin in ci ta. Mata sunka yi ta dariya, ni ma na yi, don na cancanta.

Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce fatar zabiya ba ta yin duhu har abada, ƙonewa take yi, kuma kowace ƙuna tana barin baya. Ya ce maganin ba a kwalba yake ba: inuwa, da abin rufe kai mai faɗi, da riga mai dogon hannu, kuma kada a bar ta a fili in rana ta take. Ya ce in an ga miki a kunne ko wuya ko leɓe ya ƙi warkewa, a rugo da ita, kada a jira.

Yana faɗin miki a kunne sai na tuna da ƙanena. Idi namu manomi ne, babu mai kai shi kunya a gona, tun asuba har la'asar kai buɗe, riga a rataye a reshe. Yana ɗan shekara ashirin wuyansa ya zama kamar bayan kada. Sai wani ɗan miki ya fito masa bayan kunne, bai kai ƙwayar wake ba. Munka wanke, munka barbaɗa sassaƙe, munka yi rubutu. Mikin ya ci kunnen, ya gangaro muƙamuƙi. Ni nike ɗaure masa tsumma. Bai kai shekara arba'in ba ya rasu, ya bar 'ya'ya ƙanana. Shekaru muna cewa sammu ne, har akwai gidan da munka daina ɗaukar wuta a cikinsa. Ashe rana ce, wagga dai da ke bisa kanmu kullum. Na faɗi wannan don ka san ba shagwaɓa nike wa yarinya ba.

Na biyu. Zancen malfa. Sana'ata saƙar kaba ce, faifai da tabarma. Malfa a garinmu aikin maza ne, amma na ce kaba ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba. Na kifa ƙoƙo a kan yarinya na gwada, na saƙa faifai mai faɗi da rami a tsakiya, na sa masa igiyar haɓa. Bakin na rina shi ja da baƙi. Tana girma malfa tana girma, kowace shekara sabuwa. Hannun riga kuwa da tsohon zanena nike ƙara mata har wuyan hannu. In ta taho daga nesa sai ka ce rumfa ce ta samu ƙafa. Shekara biyar haka take zuwa lakwal. Tsohon darakta, shugaban lakwal ɗin, bai taɓa cewa uffan ba, shi ne ma ya zaunar da ita gaba kusa da allo saboda idonta.

Bana da anka buɗe lakwal bayan girbi, anka kawo mana sabon darakta. Ba zan faɗi sunansa ba, ka san shi, kai ka turo shi, mu dai Mushe muke ce masa kamar yadda yara ke kiran malamansu. Yaro ne mai tsabta, wandonsa kullum da guga, kuma yana koyarwa da kyau, wannan ban hana shi ba. Amma ya zo da doka. Ya ce in an tsaya gaban tuta babu mai rufe kai, kuma malfa kayan gona ce, ba ta shiga lakwal. Ranka shi daɗe, tsayuwar tutar nan ba ƙarama ba ce, don Mushe yana son jawabi. Da safe a jera su shi yi ta magana har inuwarsu ta taƙaice. In sun koma bayan azahar a sake jera su, lokacin da ko ƙadangare ya nemi rami. Ranar Laraba kuma koyon maci a tsakar fili.

Ya karɓe malfar farko. Na saƙa wata cikin kwana shida. Ya karɓe. Na saƙa ta uku, wadda na fi ƙawatawa, na ce ko kyau zai sa shi ji tausayi. Ita ma ya karɓe.

Sai na ɗauki sandata na tafi. Gaskiya ya karɓe ni da mutunci, ya ce Inna sannu da zuwa, ya ba ni kujera, ya ce bari shi ba ni ruwa. Ya nufi randa, ya ɗaga murfi. Murfin nan malfar Balkisa ce ta biyu! Na ɗaga kai, ga ta farko an rataye a bango kusa da foton manya, an yi ado da ita. Ta uku ban gan ta ba sai ranar kasuwa, ina zaune bakin hanya da faifaina, sai ga Mushe ya wuto bisa mobilet, ɗan babur ɗin nan nasa, za shi Illela, malfata bisa kansa, ya ɗaure igiyar haɓa tsaf. Wallahi ta yi masa kyau. Na tashi na yi masa guɗa har ya ɓace. Ban taɓa jin daɗin aikin hannuna kamar ranar ba. Ashe shi ma ya san rana tana da zafi, shi da fatarsa take baƙa sidik.

A lakwal ɗin nan akwai itacen dogon yaro uku masu inuwa, ni na ga lokacin da anka dasa su. Ka zo ka gani da idonka. Ƙarƙashin na farko mobilet ne, don an ce rana tana ɓata masa kujera. Ƙarƙashin na biyu ragon Mushe ne da shike kiwo saboda layya. Na uku bencin malamai. Yara kuwa suna fili. Ban da faɗa da ragon, rago ne mai kirki, har dusa na taɓa kai masa. Amma yana da ulu.

Na gaya wa Mushe zancen likita, na gaya masa zancen Idi. Ya saurara, har ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce: "Inna, ba ni ba ne, doka daga sama take." To, na yi tambaya a gari, an ce mini kai ne sama. Shi ya sa ka ga takarda.

Na uku. Ranar baƙo. Yau kwana goma sha tara, ranar wata Alhamis, anka ce wani babba zai zo daga birni shi duba sabuwar rijiya. Ban san muƙaminsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Anka ce yara su jeru bakin hanya su tarye shi, kuma yaro ɗaya zai yi masa maraba da faransanci. Wa anka zaɓa? Balkisa, don duk lakwal babu mai hardarta. Na yi murna har na yi mata kitso da hannuna. Anka ce hannun rigar da na ƙara a cire, wai bai yi kyau ba. Anka tsayar da ita gaba da kowa, kai buɗe, da furanni a hannu.

Tun hantsi anka jera su. Ni ina gida ina tsammanin abin zai ƙare kafin rana ta yi tsaka. Anka yi azahar, shiru. Sai wata maƙwabciyata ta dawo daga rijiya ta ce mini yara suna nan tsaye, biyu ma sun faɗi an yayyafa musu ruwa, furannin Balkisa sun yi laushi, ita kuma ta zama kamar tattasai.

Ban san lokacin da na tashi ba. Abin da hannuna ya faɗa a kai shi na ɗauka, wato tabarmar da nike zaune a kanta, ko ƙarasa saƙa bakinta ban yi ba, kaba na reto. Na ruga. Ni da nike kwana biyu kafin in kai bakin kasuwa, ranar nan har kare na wuce. Na ratsa ta gaban jandarma, na tsaya bayan jikata, na ɗaga tabarma sama da hannu biyu na yi mata rumfa. Mushe ya taho yana magana ƙasa-ƙasa, Inna don Allah, Inna don Annabi. Bai rufe baki ba sai ga ƙurar motoci.

To ka ga inda anka kai. Baƙo ya sauka, kowa yana tafi, ni hannuna ba su da sarari, sai na saki guɗa. Ban iya durƙusawa ba, don in na durƙusa tabarma za ta danne yarinya, sai na tsaya ƙyam kamar soja. Balkisa ta buɗe baki, leɓenta a tsage, ta zuba faransancin nan tun daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san daidai ne, don na ga baƙo yana kaɗa kai. Ya yi dariya, ya miƙo mini hannu, na rasa da wanne zan karɓa, sai ya kama gefen tabarma ya girgiza. Mai foto ya ɗauka. Yanzu a wani buro na birni akwai hotona, baki buɗe, da haƙorana huɗu. In ya biyo ta wajenka ka ajiye mini ɗaya.

Wannan shi ne na dariya. Ga sauran. Kashegari wuyanta da goshinta da bayan hannunta duk sunka yi bororo. Tsagar kitson da na yi mata da hannuna, kowane layi ya ƙone. Kwana huɗu tana kwance rub da ciki, ko zane ba ta so shi taɓa ta. Duka sun bushe sun saɓule, sai ɗaya a saman kunnen hagu, har yau yana ruwa. Na kai ta gidan likita, sun wanke sun sa magani, sun ce na ƙuna ne, zai warke in an kiyaye shi daga rana, amma kada a sake. Kullum da safe nike kama kunnen nan in duba, tana ture mini hannu tana cewa na cika fitina.

Na huɗu. Abin da ya biyo baya. Mushe ya aiko ya ce na kunyata lakwal gaban baƙi, kuma doka tana nan: ko ta zo kamar kowa, ko ta zauna gida. Ubanta Issufu ya ce to ta zauna, shi ba zai sai da fatar ɗiyarsa don takarda ba. Ban ga laifinsa ba, ya ga kawunsa Idi da idonsa yana yaro. Amma na ce masa shi yi tunani. In ta bar lakwal ina za ta? Gona, da rijiya, da itace, da tallar fura a tsakar rana. Yarinyar nan aikin da zai raya ta aikin cikin ɗaki ne, mai rufi a sama, kuma takardar nan ce ƙofarsa. Saura mako shida jarrabawa. Ita kanta da ta ji zancen zama gida ta juya fuska bango, ta ce mini: "Kaka, gara in ƙone."

Sai na ce ba za ta ƙone ba, ba za ta zauna ba. Mushe ya hana malfa, amma ban ji ya hana tabarma ba. Tun ranar Litinin ta makon jiya, kullum ni ke raka ta. A jera su, in tsaya bayanta in ɗaga. Safe da bayan azahar, har da macin Laraba, suna tafiya ina bin su. Kanta a buɗe yake kamar yadda doka ta ce. Mushe ya dube ni, ya dubi sama, ya ƙyale ni, don na girmi uwarsa. Kwana biyu sai ƙawayena biyu sunka ce ba za a bar su a baya ba, kowace ta zo da tata. Su jikokinsu baƙaƙe ne, amma an yi musu aski ƙwal saboda makero, kuma kan yaro in an aske shi aka tsayar a rana, ka taɓa ka ji. Yanzu 'yan aji ɗaya har rige-rige suke su shiga ƙarƙashinmu, layin Mushe duk ya karkace. Mu uku mun iya waƙar tuta da ka, ko da yake ba mu san mi take cewa ba. An ce muryata ta fi ta kowa fita.

Daɗi kam muna ji, ban ɓoye maka ba. Rabona da nishaɗi irin wannan tun ina budurwa. Amma ga zancen kafaɗun da na ce maka yana tafe. Jiya tsakiyar jawabi hannuna na dama ya saki da kansa, tabarma ta faɗo mana a ka. Yara sunka yi dariya, ni ma na yi. Da na zo ɗagawa ya ƙi, sai da na jingina ta bisa kaina. Yau da ruwan zafi anka gasa mini kafin in fita. Ban san ko za su kai mako shida ba. Ranar da sunka ƙi, Issufu zai riƙe ɗiyarsa a gida, kuma ba ni da bakin hana shi.

Na biyar. Abin da nike roƙo.

Ka rubuto takarda mai hatimi cewa Balkisa ta sa malfarta da rigarta mai dogon hannu, a gaban tuta da ko'ina. Tutar nan tamu ce, muna girmama ta, ban yi tsammanin tana son ganin kunnen yarinya yana ruwa ba. Kuma kada ka sa sunanta ita kaɗai. Na san akwai zabiya a wajen Bazaga, na ji akwai wasu a ƙasar Malbaza, ka sa ta zama ta kowa.

Ranar jarrabawa an ce a Illela za su yi, kuma ana jera su a fili ana kiran suna. Ka gaya wa masu tsaron ƙofa tun yanzu, don can ba su san ni ba, kada su kore ni da tabarmata ko su karɓe mata malfa.

A mai da layin yara ƙarƙashin itace. Mobilet ni zan saƙa masa abin rufa kyauta. Rago kuwa kwanansa sun kusa.

In za a yi baƙo, a bar yara a inuwa, a sa babban mutum bisa tudu shi duba hanya. Ƙurar mota daga nesa ake ganinta, kafin ta iso sun jeru.

Mushe kada a taɓa shi, kada a ɗauke mana shi. Tsoron sama ne ya yi masa yawa, in sama ta yi magana zai ji. Malfar da ke kansa na bar masa halal. Ta bango da ta randa shi maido.

In kuwa duk wannan ya gagara, to roƙona ɗaya: a rubuta sunana a littafin aji shida, tunda kullum ina nan kuma ban taɓa makara ba. A ba ni benci a bayan jikata, da sanda biyu masu baki da zan kafa tabarma a kai. Amma ka hanzarta, ranka shi daɗe. Motar kasuwa tana zuwa mana sau ɗaya a mako, kuma zan aika a tambayi direba kowane zuwa.

Allah shi ƙara maka girma, shi raya maka zuriya, shi kiyaye fatarsu da idonsu. Allah shi ba mu damina mai albarka. Wanda duk ya yi wa yaro inuwa a duniya, kai ko Mushe ko wani, Allah shi sa shi cikin inuwarsa ranar da babu wata.

Wassalam.

Ni ce Tasalla mai faifai, kakar Balkisa. Ga yatsana na dangwala, na hagu ne, na dama bai ɗagu ba.